Gyambon Ciki: Me Itatuwa Ke Iya Yi, Ina Kuma Ƙarfinsu Ya Tsaya?

 

Ya ƴan'uwa masu karatu, da wuya a shiga gida a garuruwanmu ba a tarar da mai kukan gyambon ciki ba, wato ciwon nan da likitocinmu ke rubutawa ulcère a takardunsu, ƴan'uwanmu na Nijeriya kuma suke ce masa olsa. Wani zafi yake ji a ƙahon zuci kamar an ajiye masa garwashi, musamman in yunwa ta kama shi ko da tsakar dare. Wata kuma ƙwarnafi da kumburin ciki da yawan gyatsa ne suka hana ta sakat. Da zarar mutum ya faɗi abin da ke damunsa, sai masu ba da shawara su yi masa caa: wannan ya ce a jiƙa kanwa, wancan ya ce zuma da habbatus sauda, wata ta ce tafarnuwa kafin a karya kumallo. Ga kuma masu tallar magani da lasifika a tasha da ranar kasuwa, kowa da kwalbarsa, kowa da rantsuwarsa.

Tun da yake maganar ta shafi lafiyar iyali da aljihun maigida, wani lokaci ma ta shafi rai, mun ga ya dace a wannan fitowa mu kawo muku abin da masu bincike suka gwada daga cikin tsirrai da itatuwa, da abin da gwajin ya nuna, don kowa ya san inda zai sa ƙafarsa.

Baƙuwar da ke zaune cikin tumbi

Shekaru masu yawa likitocin duniya sun ɗauka damuwa da yaji da yawan ruwan tsamin ciki su ne ke kawo gyambo. Sun kuma haƙiƙance cewa babu wata halitta da za ta iya rayuwa a tumbin ɗan Adam, saboda ƙarfin asid ɗin da ke cikinsa. A shekarar 1979, wani likita mai suna Robin Warren, a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, ya fara lura da waɗansu ƴan ƙananan ƙwayoyin cuta masu lanƙwasa a jikin tsokar da ake gutsurowa daga tumbin marasa lafiya. Daga baya wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗu da shi. Suka yi ta ƙoƙarin renon ƙwayar a faifan gwaji, ba ta tsirowa, domin bayan kwana biyu ake zubar da faifan. Sai a watan Afrilu na 1982, lokacin hutun bikin Ista, aka bar waɗansu fayafai har kwana 5, da aka dawo aka tarar ta tsiro.

Da manyan likitoci suka ƙi yarda, a 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da aka reni ƙwayar a ciki ya shanye. Bayan ƴan kwanaki ya fara amai, da aka leƙa tumbinsa aka tarar ya kumbura, alhali kafin nan lafiyarsa lau. Wannan ƙwaya ita ce ake kira Helicobacter pylori. A 2005 aka ba mutanen biyu lambar yabo ta Nobel saboda wannan aiki.

Dabarar ƙwayar abin mamaki ce. Tana da ƴan wutsiyoyi da take iyo da su, ta huda yauƙin da Allah ya lulluɓe bangon tumbi da shi, ta laɓe a ƙarƙashinsa. Sa'an nan tana fitar da wani sinadari da ke kashe kaifin asid a kewayenta, kamar mai tafiya cikin ruwan sama da laima. In ta zauna, takan shekara talatin ko arba'in tana cin bangon tumbi a hankali. Yawanci tun mutum yana yaro take shiga, ta hanyar miyau, da hannun da ba a wanke ba bayan an zaga, da gurɓataccen ruwan sha. Shi ya sa takan bi gida guda daga uwa zuwa ƴaƴa.

Wani babban lissafi da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2015 mutum biliyan 4.4 ne ke ɗauke da ita a duniya, kuma Afirka ce ke kan gaba da kimanin kashi 70 cikin 100. A nan kusa da mu, binciken da aka yi a yankin Maiduguri aka buga a 1992 ya sami alamarta a jinin kimanin kashi 85 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Cikin rahamar Allah, mafi yawan masu ɗauke da ita ba sa jin komai har ƙarshen rayuwarsu. Amma wajen mutum 1 cikin 10 yakan kamu da gyambo, waɗansu ƴan kaɗan kuma, kamar 1 zuwa 3 cikin 100, takan kai su ga sankarar tumbi. A 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa wannan ƙwaya cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara.

Abin da ya sa aka waiwayi itatuwa

Maganin da likita ke rubutawa haɗi ne na ƙwayoyi uku ko huɗu, ana sha kwana 10 zuwa 14. Ɗaya mai rage asid ne, kamar omeferazol. Sauran kuma antibiyotik ne, irin su amoksisilin, da kilaritromisin, da metronidazol wanda muka fi sani da Flagyl, ko tetirasikilin tare da wani magani da ake kira bismut. In aka dace da haɗin, aka kuma sha shi daidai, akan raba mutum 8 ko 9 cikin 10 da ƙwayar, gyambon kuma da wuya ya dawo.

Sai dai ƙwayar ta fara yin taurin kai. Duk lokacin da mutum ya sha antibiyotik ba bisa ƙa'ida ba, ƙwayoyin cuta masu rauni sukan mutu, masu ƙarfi su saura su hayayyafa. Mu kuwa mun san yadda ake shan Flagyl a ƙasashenmu: ciki ya ɗan murɗa, a aiki yaro wurin mai tallar magani a tire ya sayo ƙwaya biyu. Saboda irin wannan, a wurare da yawa na Afirka metronidazol ya daina yi wa mafi yawan ƙwayoyin nan komai. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Helicobacter mai bijire wa kilaritromisin cikin jerin ƙwayoyin cutar da ta ce ana bukatar sabon magani dominsu. Ga tsadar haɗin ga talaka, ga ɗacin baki da tashin zuciya da gudawa da yakan sa wa waɗansu.

Wannan ne ya sa masu bincike suka waiwayi tsirrai, kuma suna da hujja. Kinin na zazzaɓin cizon sauro daga ɓawon itace aka samo shi. Maganin zazzaɓin da ake ba yaranmu a yau kuma asalinsa wani ganye ne dangin tazargade, wanda wata masaniya ƴar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta tace sinadarinsa a farkon shekarun 1970, aka ba ta lambar Nobel a 2015. To, ko akwai itacen da zai yi wa ƙwayar tumbi irin wannan aiki?

Habbatus sauda

Bari mu fara da wadda ta fi kusa da zukatanmu. Ƙarfin habbatus sauda yana cikin manta, inda ake samun wani sinadari mai suna timokinon. A 2010 aka buga sakamakon wani gwaji da likitoci suka yi a asibitin jami'a da ke Al-Khobar ta Saudiyya. Sun ɗauki mutum 88 masu ciwon ciki da aka tabbatar suna da ƙwayar, suka kasa su kashi huɗu. Kashin farko aka ba su haɗin ƙwayoyi uku na asibiti. Sauran aka ba su garin habbatus sauda tare da omeferazol har mako 4: waɗansu giram 1 a rana, waɗansu giram 2, waɗansu giram 3.

Da aka auna daga baya, waɗanda suka sha maganin asibiti kashi 82.6 cikin 100 sun rabu da ƙwayar. Masu giram 2 suka sami kashi 66.7. Masu giram 1 kashi 47.6, masu giram 3 kuma kashi 47.8. Zafin ciki kuwa ya ragu a dukan ɓangarorin huɗu.

Wannan shi ne sakamako mafi ƙarfafa gwiwa cikin gwaje-gwajen da za mu kawo. Amma mu lura da abubuwan da ke tattare da shi. Ba a ba da habbatus sauda ita kaɗai ba, tare da maganin rage asid aka haɗa ta. Kowane ɓangare mutum ashirin da ƴan kai ne kawai, kuma adadi kaɗan irin wannan ba ya isa a yanke hukunci. Sa'an nan masu giram 3 ba su kai masu giram 2 samun sauƙi ba, abin da ke nuna cewa ƙara yawan magani ba ya nufin ƙarin waraka. Wannan darasi ne ga masu kurɓar man habbatus sauda cokali bayan cokali.

Tafarnuwa

In aka daddaka tafarnuwa, takan fitar da wani sinadari mai suna alisin, shi ne mai warin nan da yajin nan. A faifan gwaji yana kashe ƙwayar tumbi sarai. Amma a 1999 likitoci a birnin Houston na Amurka suka gwada ta a jikin mutum 12. Suka riƙa yanka musu ƙwayar tafarnuwa har 10 a cikin abinci, suna auna numfashinsu don ganin ko ƙwayar cutar ta ragu. Ba ta ragu ba ko kaɗan.

Duk da haka tafarnuwa ba ta tashi a banza ba. A gundumar Linqu ta ƙasar Sin, inda sankarar tumbi ta yi yawa, an fara wani dogon gwaji a 1995 da mutum 3,365. Waɗansu aka ba su maganin asibiti na mako 2, waɗansu aka ba su ƙwayoyin da aka yi da tafarnuwa har sama da shekara 7. Aka bi sawunsu shekara 22, aka buga sakamakon a 2019. Maganin asibiti na mako 2 ya rage kamuwa da sankarar da kusan rabi. Tafarnuwa kuma ta rage mutuwa daga sankarar da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Ke nan tafarnuwa a cikin miya alheri ce ga tumbi a tsawon shekaru, ko da yake ba ta fitar da ƙwayar. Haɗiye ta ɗanya a cikin da babu komai kuwa yakan ƙara wa mai gyambo raɗaɗi.

Ƙaron mustaka, burokoli da zogale

A tsibirin Kiyos na ƙasar Girka akwai wani itace mai fitar da ƙaro mai ƙanshi, wanda Larabawa ke kira mustaka, mutanen Masar da Sudan kuma ke sa shi a turare da abinci. A 1998 likitoci a birnin Nottingham na Ingila suka ba da labari cewa ƙaron nan yana kashe ƙwayar a faifan gwaji, nan da nan ƴan kasuwa suka cika shaguna da shi. A 2003, a wannan birni dai, aka ba marasa lafiya giram 1 sau huɗu a rana har kwana 14. Mutum 8 suka kammala, babu ko ɗaya da ya rabu da ƙwayar. A 2010 aka sake gwadawa a tsibirin na Kiyos da mutum 52: cikin 13 da suka sha ƙaron kaɗan, 4 sun warke, cikin 13 da suka sha da yawa, 5, cikin 13 da suka sha maganin asibiti, 10.

Akwai kuma wani kayan lambu dangin kabeji, wato shu, da ake kira burokoli. Ƴan tsironsa na kwana biyu zuwa uku suna ɗauke da sinadarin sulforafan. A 2009 aka buga gwajin da aka yi a Japan da mutum 48. Aka raba su biyu, rabi suna cin giram 70 na tsiron kullum har mako 8. Ƙwayar ta ragu a tumbinsu, kumburin ma ya lafa. Amma wata biyu bayan sun daina ci, komai ya koma yadda yake. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Wannan labari ya shafe mu, domin zogalen da muke kwaɗawa yana da sinadari ɗan'uwan na burokoli, kuma an ga yana hana ƙwayar yaɗuwa a faifan gwaji. Zogale abinci ne mai gina jiki, a ci shi da godiya. Wanda ya ce muku yana fitar da ƙwayar daga tumbin mutum kuwa, ya faɗi abin da ya wuce inda gwajin ya tsaya.

Kurkum, zuma, bagaruwa

Kurkum, wanda waɗansunmu ke kira gangamau, an gwada sinadarinsa a Italiya a 2007. Mutum 25 suka sha shi kwana 7 tare da maganin rage asid da waɗansu abubuwa biyu. Mutum 3 kaɗai suka rabu da ƙwayar, amma mafi yawansu sun ce zafin cikin ya yi sauƙi ƙwarai.

Zuma ma, wadda ƙudan zuma ke tarawa daga furanni, ta sha gwaji. Wani irinta na ƙasar Niyu Zilan da ake kira manuka ya hana ƙwayar tsirowa a faifai. A 1999 aka ba mutum 12 a Ingila cokali guda sau huɗu a rana har mako 2, rabinsu tare da omeferazol, amma da aka auna su ƙwayar tana nan.

Itatuwan dajinmu ma an taɓa su. A 2013 masu bincike a Pakistan suka nuna cewa ruwan da aka tato daga bagaruwa da tumfafiya yana raunana ƙwayar a faifai, yana kuma toshe sinadarin nan da take kare kanta da shi daga asid. To amma wane ne a cikinmu bai san tumfafiya ba? Nononta guba ne, yana lahanta ido, yana kuma taɓa zuciya. Abin da ya kashe ƙwayar cuta a faifai yana iya kashe mai ita.

Me ya sa faifai da tumbi suka bambanta?

Mai karatu zai lura da abu guda yana ta maimaituwa: a faifai nasara, a jikin mutum kuma sai a hankali. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A faifai ƙwayar a fili take, maganin kuma yana zaune a kanta dare da rana. A cikin tumbi kuwa tana ƙarƙashin yauƙi, asid yana lalata sinadarin, ruwa da abinci suna tsarma shi, cikin awa biyu zuwa huɗu kuma tumbi ya tura komai zuwa hanji. Bugu da ƙari, ƙarfin ganye yana sauyawa gwargwadon ƙasar da ya tsiro, da lokacin da aka tsinke shi, da yadda aka shanya shi. Jiƙon yau da na gobe ba sa zama ɗaya.

Abu mafi haɗari shi ne lafawar zafi. Kusan duk abubuwan nan da muka lissafa suna sanyaya ciki, mutum ya ji daɗi ya ce ya warke, alhali ƙwayar tana nan tana aikinta. Haka ma kanwa: tana kashe kaifin asid na ɗan lokaci, shi ya sa mai shanta ke jin sauƙi nan take, amma ba ruwanta da ƙwayar, kuma yawan shanta yana tayar da hawan jini, yana nauyaya wa zuciya da ƙoda, musamman ga masu jego.

Abin da malamanmu suka karantar

Wani zai ce: ashe ba hadisi ne ya zo da falalar habbatus sauda da zuma ba? Haka ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito, mun yi imani, mun gaskata. Sai dai malaman da suka yi sharhin hadisan nan sun yi mana bayanin yadda za a fahimce su. Hafizi Ibnu Hajar, a sharhinsa na Sahihul Bukhari, ya bayyana cewa ba a amfani da habbatus sauda ta fuska guda a kowace cuta: wani lokaci ita kaɗai, wani lokaci a haɗa ta da wani abu, wani lokaci a ci, ko a sha, ko a shaƙa, ko a shafa. Ya kuma kawo ra'ayin Imamu Khaɗɗabi cewa lafazin gamamme ne da ake nufin keɓantattun cututtuka da shi, tare da ra'ayin waɗanda suka bar shi a kan faɗinsa.

Haka nan ƙissar sahabin da ya kawo ƙarar cikin ɗan'uwansa, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya shayar da shi zuma, ya yi ta dawowa ana maimaita masa umarnin har ɗan'uwan ya warke. Ibnul Ƙayyim ya ciro daga wannan ƙissa cewa dole magani ya kasance da gwargwadon da ya dace da cutar: in ya gaza ba zai kawar da ita ba, in ya wuce kima ya jawo wata illar. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da likitocin Al-Khobar suka zauna aunawa da giram 1 da 2 da 3. Sanin gwargwado da dacewa ilimi ne, kuma addininmu ya umarce mu da mu tambayi ma'abota sani a kan abin da ba mu sani ba. Wanda ya je gidan likita bai saɓa wa sunna ba, neman magani ya yi kamar yadda aka umarce shi.

Shawarwari ga iyali

Na farko, a san cutar kafin a nemi maganinta. Ba kowane ciwon ciki ne gyambo ba, ba kuma kowane gyambo ne ƙwayar nan ke kawowa ba. Babban sanadi na biyu shi ne ƙwayoyin ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen da diklofenak, waɗanda manoma da leburori da tsofaffi masu ciwon gwiwa ke sha kamar gyaɗa. Ana gano ƙwayar ta gwajin bayan gida, ko gwajin numfashi, ko ta zura ƴar na'ura mai fitila ta baki, wadda likitoci ke kira fibroscopie. Gwajin jini yana nuna cewa mutum ya taɓa haɗuwa da ita ne kawai, ba ya tabbatar da cewa tana nan ko ta fita.

Na biyu, in likita ya rubuta haɗin, a sayi dukansa a farmasi, a sha har ƙarshe, ko da zafin ya ɗauke a kwana na uku. Shan rabi a ajiye rabi shi ke koya wa ƙwayar taurin kai, da muguwar rawa kuwa gara ƙin tashi. In akwai tetirasikilin a ciki, kada a sha shi tare da nono ko madara ko kanwa, domin suna hana shi shiga jiki. A bar tazarar awa biyu zuwa uku tsakaninsa da fura da nono. Ba a ba mai juna biyu da ƙananan yara shi. Bismut yana baƙanta harshe da bayan gida, wannan ba abin tsoro ba ne matuƙar likita ya riga ya faɗa.

Na uku, a koma a sake gwaji bayan an gama magani da aƙalla mako 4, kuma a dakatar da omeferazol mako 2 kafin gwajin. Da wannan ne kaɗai ake sanin ƙwayar ta fita.

Na huɗu, mai son ya haɗa da habbatus sauda ko zuma ko kurkum, ya gaya wa likitansa, kada ya ɓoye. A matsayin mataimaka suna da gurbinsu, a ɗan gwargwado irin na abinci. Mai ciwon sukari ya yi hattara da zuma, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini kada su sha wani jiƙo ko mai sai da izinin likita. Kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba kuwa, a bar wa mai ita.

Na biyar, akwai alamomin da in an gan su ba a tsayawa jiƙa komai, sai gidan likita nan take: aman jini ko amai mai kama da dusar kofi, bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta ga wanda ba ya shan bismut, ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya ciki ya ƙage kamar katako, rama ba dalili, wahalar haɗiye abinci, ɗashewar ido da tafin hannu, da amai mai yawan dawowa. Haka nan wanda ya manyanta sa'an nan ciwon ciki ya fara masa, ko wanda aka taɓa yin sankarar tumbi a danginsa, kada ya yi jinkiri.

Na shida, tsabta. Wanke hannu da sabulu bayan an zaga da kafin a sa hannu a kwano, tace ruwan sha ko tafasa shi, rufe masai, da barin tauna wa yaro abinci a ba shi a baki, duk suna rage yaɗuwarta a tsakanin yara. A rage gishiri, a bar taba, domin su biyun suna taimakon ƙwayar wajen ɓata tumbi.

Daga ƙarshe, muna tunatar da masu gyambo cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya san cikinsa na damunsa, ya je a duba shi tun a Rajab ko farkon Sha'aban, ya gama maganinsa kafin a ga wata. Likitoci a ƙasashen Musulmi da dama sun lura cewa fashewar gyambo takan ƙaru a watan azumi ga waɗanda ba su yi magani ba. Wanda kuma amintaccen likita ya ce azumi zai cutar da shi, Allah ya yi masa rangwame ya sha ya rama daga baya, kuma karɓar rangwamen Allah ba ragon imani ba ne.

Bincike a kan itatuwa yana ci gaba, muna kuma fatan jami'o'inmu da masu maganin gargajiya na gaskiya za su haɗa kai, a auna sabara da marke da bagaruwa da sauran abin da kakanninmu suka sani, a san mai amfani da gwargwadonsa, a san mai cutarwa. Kafin wannan rana, abin da gwaji ya nuna shi ne: itatuwa suna raunana ƙwayar, suna sanyaya ciki, amma haɗin maganin likita ne aka tabbatar yana fitar da ita ga mafi yawan mutane.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya sa wahalar da suka sha ta zama kaffara, ya kare mu da zuriyarmu daga miyagun cututtuka. Amin.